Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ma'aikata Na Jihohin Arewa Kan Batun Aiki Daga Gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na ɗauki alƙalami ne a kan wata magana da ta shiga ofisoshinmu tun shekarar 2020, ta zauna, amma har yau ba a yi mata zama na tsanaki ba. Maganar ita ce ta ma'aikaci ya yi aikinsa daga gida, ko a rage masa ranakun zuwa ofis. Ku na zaɓa in rubuta wa, ba gwamnoni ba, domin gwamna sanarwa yake yi ya wuce, ku ne kuke fitar da takardar umarni, kuma a teburinku ne ake gane ko abin ya yi aiki ko bai yi ba.

Kun san yadda abin ya faro. Da cutar korona ta shigo a watan Maris na 2020, gwamnatin tarayya ta umarci ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna a gida, jihohi da yawa suka bi sahu. Wannan na dole ne, babu wanda ya zaɓa. Na zaɓi shi ne wanda Kaduna ta yi a zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, inda daga 1 ga Disamba 2021 aka mayar da zuwa ofis kwana huɗu, Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, aka ce ranar Juma'a a yi aiki daga gida. Dalilan da aka bayar su ne ƙara yawan aikin da ake fitarwa, da bai wa ma'aikaci lokacin iyali da hutu da noma. Sai kuma cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, wanda ya ɗaga litar mai daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta haura 1,000. Nan take Kwara da Edo suka sanar da zuwa ofis kwana uku a mako. Legas ta yi nata a watan Fabrairun 2024, ta kuma soke shi a ƙarshen Maris na 2025.

Abin da ya haɗa waɗannan matakai, in aka cire na korona da na Kaduna, shi ne dukkansu an ɗauke su ne don a rage wa ma'aikaci raɗaɗi, ba don an zauna an duba yadda aikin zai gudana ba. Rage raɗaɗi abu ne mai kyau, ni ma ina goyon bayansa. Mutumin da mafi ƙarancin albashinsa naira 70,000 ne a takarda, yana hawa A Daidaita Sahu biyu kafin ya isa sakateriya, kwana ɗaya da aka ɗauke masa ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma idan sauƙin kuɗin mota kaɗai ake nufi, a kira shi da sunansa. Kada a ce mutum yana aiki daga gida alhali ba a ba shi komai da zai yi aikin da shi ba, ba a faɗa masa abin da ake jira daga gare shi ba, kuma ranar Litinin babu wanda zai tambaye shi me ya yi.

Ga inda nake ganin tushen matsalar, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Aikin gwamnati a wurinmu bai saba auna aiki ba, zuwa yake aunawa. Rajistar sa hannu ta safe ita ce ma'aunin. Wanda ya sa hannu kafin a ja jan layi ya zo aiki, ko da zai wuni a gindin dalbejiya yana hira, ko ya ajiye hularsa a kan tebur ya tafi kasuwa. Takardar kimanta ma'aikaci ta ƙarshen shekara kuwa, kowa ya san yadda ake cika ta: kusan kowa ya yi ƙoƙari, kusan kowa ya cancanci ƙarin girma. To tsarin da idonsa yake kan kujera, ranar da aka ce babu zama a kan kujera, me ya rage masa? Babu. Shi ya sa darakta yake jin kamar an ƙwace masa mulki idan yaransa ba sa gabansa, shi ya sa kuma ma'aikaci yake ɗaukar ranar a matsayin hutu. Dukkansu biyu ba su yi ƙarya ba, abin da tsarin ya koya musu ke nan.

Mutane suna ta gardama a kan ko aiki daga gida yana ƙara yawan aiki ko yana rage shi, kamar amsa ɗaya ce. Binciken da aka yi a wasu ƙasashe ya nuna ba haka ba ne, kuma ya kamata ku san shi kafin ku yanke hukunci. Farfesa Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford a Amurka da abokan aikinsa sun yi gwaji a wani babban kamfanin shirya tafiye-tafiye na ƙasar Sin mai suna Ctrip. An raba masu amsa kiran abokan ciniki gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu suka riƙa aiki daga gida kwana huɗu a mako har tsawon wata tara, wasu suka ci gaba da zuwa ofis. Na gida suka fi na ofis fitar da aiki da kashi 13 cikin 100, kuma masu ajiye aiki a cikinsu suka ragu da kusan rabi. Sai dai a lura da sharuɗɗan. Ba a sa kowa cikin gwajin ba sai wanda yake da ɗakinsa na kansa da intanet mai ƙarfi, kamfani ya ba shi kayan aiki, kuma aikin iri ne wanda na'ura take ƙirga shi: kira nawa ka amsa, minti nawa ka yi. Duk da haka, da aka gama gwajin aka ba su zaɓi, kusan rabinsu suka ce su dai a mayar da su ofis, kaɗaici ya ishe su. An kuma gano cewa na gida ba sa samun ƙarin girma kamar takwarorinsu, tun da oga ba ya ganinsu.

A ɗaya gefen, wani gwaji da aka yi a birnin Chennai na Indiya a kan sababbin ma'aikatan shigar da bayanai cikin kwamfuta ya nuna waɗanda aka tura gida sun gaza na ofis da kashi 18 cikin 100, kuma wani ɓangare na gazawar ya zo ne daga rashin saurin koyon aiki. Sannan a 2024 Bloom ya sake fitar da wani bincike a mujallar Nature, a kan ma'aikata sama da 1,600 na wancan kamfanin na Sin, inda aka gwada kwana uku a ofis, biyu a gida. A nan aikin bai ragu ba, ƙarin girma bai taɓu ba, masu barin aiki kuma suka ragu da kashi ɗaya cikin uku, musamman mata da masu nisan gida.

Abin da na ɗauka daga waɗannan shi ne, duk inda abin ya yi kyau akwai abu uku a ƙasa: kayan aiki a hannun ma'aikaci, aikin da aka san iyakarsa, da shugaban da ya iya bibiya ba tare da ya tsaya a kan mutum ba. Ranku ya daɗe, a cikin ukun nan wanne muka tanada?

Mu fara da wuta. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ya biyo ta Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala. Wannan babba ne da kowa ya gani, amma na yau da kullum ya fi shi cin rai: unguwar da take ganin wuta awa uku ko huɗu, su ma cikin dare. Wanda yake layin da ake kira Band A kuwa, wato rukunin da aka fi ba wuta, a watan Afrilun 2024 kuɗin wutarsa ya tashi daga kusan naira 68 zuwa 225 a kowane yunit na wuta. A ofis akwai janareto ko sola da gwamnati take biya. Idan aka tura mutum gida ba tare da komai ba, an sauke masa kuɗin mota ne an ɗora masa kuɗin mai da na caji. Haka data: a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100. Wa zai biya datar taron da za a yi ta Zoom na awa biyu? Ƙaramin ma'aikaci, daga aljihunsa? Kuma kada mu manta da yankunan da aka taɓa rufe wa layin waya baki ɗaya saboda tsaro, kamar Zamfara a watan Satumban 2021 da wasu ƙananan hukumomin Kaduna da Katsina da Sakkwato.

Amma ko da wuta ta tsaya, data ta yi araha, akwai abin da ya fi su nauyi, wato fayil. Aikin gwamnatin jiha har gobe a cikin fayil ɗin takarda yake tafiya. Masinja ne yake ɗauko shi daga rajistiri, ya kai wa wannan ya rubuta, ya kai wa wancan ya sa hannu. Fayil ba ya bin mutum gida, kuma bai kamata ya bi shi ba, domin sirrin gwamnati ne da na jama'a. To akawun da duk aikinsa yana cikin kabad ɗin ofis, me zai yi a gida ranar Juma'a? Edo, kafin ta rage ranaku, ta riga ta yi nisa wajen mayar da takardunta kan kwamfuta. Ofishin shugabar ma'aikatan tarayya, Didi Esther Walson-Jack, shi ma ya sa wa ma'aikatun tarayya wa'adin ƙarshen 2025 su rabu da aikin takarda, kuma tarayya ta fara maye gurbin tsohuwar takardar kimantawa ta shekara da tsarin da ake sa wa mutum abin da zai cim ma a auna shi a kai. Ko an cika wa'adi ko ba a cika ba, hanyar ita ce daidai, kuma ita ce ya kamata a fara bi. Mu mun so mu ɗora rufi ne kafin a tayar da bango.

A wurin da ba a tanadi hanya ba, mutane suna samar wa kansu, kuma wadda suka samar tana ba ni tsoro. Yanzu takardun gwamnati a WhatsApp suke yawo. A ɗauki hoton wasiƙa mai tambarin sirri a tura wa rukunin ma'aikata, jerin albashi da lambobin asusun mutane suna zaune a wayar da yara suke wasa da ita da yamma. In wayar ta faɗi a kasuwa, shi ke nan. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan jama'a tun watan Yunin 2023, kuma ba ta ware ma'aikatun jihohi ba. Kowane ma'aikacin da zai taɓa takardar gwamnati daga wajen ofis ya kamata a ce yana da adireshin imel na hukuma da ma'ajiya ta hukuma, ba nasa na kansa ba.

Akwai kuma abin da masu kwaso tsarin daga Turai ba sa lissafawa, shi ne yanayin gidajenmu. Bature in ya ce yana aiki daga gida, ɗaki ne ya rufe, ba mai ƙwanƙwasa masa. Mu kuwa gida na jama'a ne. Magidancin da aka ga motarsa ko babur ɗinsa a ƙofar gida da hantsi, an san yana nan, kuma wanda yake nan ba ya cewa baƙo ya koma. Ga sallama, ga ɗaurin aure, ga suna, ga jana'izar da ba yadda za a yi a ce ba a je ba alhali ana unguwa. Ba aibu ba ne, zumunci ne, kuma ba na fatan ranar da za mu rasa shi. Amma dole mai tsara aiki ya san da shi. Mace ma'aikaciya kuwa nata ya ninka. Ita ce wadda tsarin zai fi amfana, mai shayarwa, mai jinyar tsohuwa, wadda nisan ofis ya sa take tunanin ajiye aiki, har da wadda maigidanta bai cika son fitar kullum ba. Ita ce kuma wadda za a fi danne wa lokaci, domin da zarar tana gida, girki da raino da baƙi duk sun dawo kanta, ba mai tuna cewa tana bakin aiki. Saboda haka nake ganin ga da yawa daga cikin ma'aikatanmu, abin da ya dace ba gida ba ne, wuri ne kusa da gida. Sakateriyar ƙaramar hukuma, ɗakin karatu na jiha da ya zama kufai, wani ɓangare na makarantar da take da sola: a gyara ɗaki ɗaya, a sa wuta da intanet da tebura. Wanda yake zaune a Zariya yana aiki a Kaduna, ko a Wudil yana aiki a Kano, ya shiga can kwana biyu a mako. Ya huta da hanya da haɗarinta, aikin kuma bai kwanta ba.

Ina roƙonku ku tuna da yaran da aka ɗauka aiki kwanan nan. Babu makarantar da take koya wa mutum yadda ake rubuta bayani a fayil, ko yadda ake tsara takardar da za ta je majalisar zartaswa, ko yadda ake yi wa dattijon da ya zo neman haƙƙinsa magana. A gefen na gaba ake koyo, ana kallo, ana kuskure ana gyara maka nan take. Gwajin Chennai abin da ya nuna ke nan. Wanda bai yi shekara biyu a aiki ba, wurinsa ofis ne, kuma dole manyan da zai koya a wurinsu su kasance suna nan a ranakun da yake nan. In kowa ya zaɓi ranarsa yadda ya ga dama, sai yaro ya zo ya tarar da kujeru.

Sai wanda ba a taɓa tambaya ba a duk wannan magana, wato talakan da ofis ɗin yake domin shi. Tsohon da ya taso daga ƙauye da kuɗin motar da ya ranta, yana bin fanshonsa ko garatutinsa. Matar da take neman takardar filin marayunta. Dama can abin da suka saba ji shi ne oga ba ya nan, a dawo gobe. Idan rage ranaku ya ƙara musu wata ranar da za a ce a dawo, to an saya wa ma'aikaci sauƙi da wahalar wanda ya fi shi rauni, kuma wannan zalunci ne ko da ba a yi niyya ba. Duk teburin da jama'a suke zuwa ya kasance a buɗe kwana biyar, a yi karɓa-karɓa, kuma wanda yake kan teburin ya kasance yana da ikon kammala abu, ba karɓar saƙo kawai ba. Makarantu da asibitoci kuwa ban ga dalilin da zai sa su shiga wannan lissafi ba. Yankin da ya fi kowanne yawan yaran da ba sa zuwa makaranta ba shi ne zai rage wa waɗanda suke zuwa ranakun karatu ba. Su ma malamai da ma'aikatan jinya da masu gadi da direbobi, waɗanda aikinsu ba ya yiwuwa daga nesa, suna biyan kuɗin mota iri ɗaya da kowa. In an sauƙaƙa wa na ofis, a nemo musu nasu sauƙin, ko alawus na sufuri ko motocin ma'aikata, don kada a raba ma'aikata gida biyu.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma ba zan raina shi ba: muna fama da ma'aikatan bogi ana ganin ido da ido, ina ga an ce kowa ya zauna a gida? Gaskiya ne. A watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu da kansa ya ba da umarnin a karɓo albashin da wasu ma'aikatan tarayya suka ci gaba da karɓa bayan sun ƙaura ƙasashen waje, a kuma hukunta shugabannin da suka rufa musu asiri. Amma ku duba da kyau, a ƙarƙashin wane tsari suka yi shekaru suna haka? A ƙarƙashin rajistar sa hannu. Aboki yana iya sa maka hannu, ba ya iya rubuta maka rahoton da aka ce kai za ka kawo ranar Alhamis ka kuma kare shi a gaban darakta. Ma'aikacin bogi yana ɓuya ne a inda ba a tambayar kowa abin da ya yi.

Za ku kuma ji ana cewa ai ko a Amurka an dawo daga rakiyar abin, tun da kamfanin Amazon ya mayar da ma'aikatansa ofis kwana biyar daga Janairun 2025, Shugaba Trump kuma ya ba ma'aikatan gwamnatinsa irin wannan umarni a ranar da ya hau mulki karo na biyu. Haka ne. Amma tun kafin nan wasu ƙasashe sun mayar da abin doka mai sharuɗɗa. Italiya tun 2017 take da dokar da ta ce sai an yi yarjejeniya a rubuce tsakanin ma'aikaci da mai aiki, a fayyace lokacin aiki da lokacin hutu. Faransa a shekarar ta fara aiki da dokar da ta bai wa ma'aikaci haƙƙin kashe waya bayan tashi. Wannan na ƙarshe muna buƙatarsa ƙwarai, domin tun da aka buɗe rukunonin WhatsApp na ofis, akwai shugabannin da suke turo aiki ƙarfe 11 na dare suna jiran amsa, har ranar Asabar, har lokacin sallar Juma'a. Ba sai mun kwaikwayi kowa ba. Abin da nake nema shi ne mu yanke hukunci a kan abin da muka auna a ofisoshinmu.

Kuma muna da inda za mu auna. Kaduna ta fara tun ƙarshen 2021. Takwaranku na Kaduna ya tattaro abin da aka gani ya kawo muku a zamanku na gaba: kwana nawa fayil ɗin fansho yake ɗauka kafin tsarin da bayansa, nawa aka rage a man janareto, ma'aikata nawa ne aka ba kwamfuta, su wa suka yi aiki da gaske a ranar da ba ofis. In sakamakon mai kyau ne, sauran jihohi su amfana. In ba mai kyau ba ne, a faɗa a gyara, babu abin kunya a ciki.

Ga jihar da take tunanin farawa, shawarata kada a yi wa dukkan ma'aikata sanarwa rana ɗaya. A ɗauki ma'aikatu biyu ko uku waɗanda aikinsu ya riga ya hau kwamfuta, kamar ofishin kasafi da tsare-tsare, da hukumar tattara haraji, da sashen ƙididdiga. A gwada wata shida. Kafin a fara, a tura daraktoci da mataimakansu horo, domin su ne za su fi shan wuya: mutumin da ya shekara 25 yana mulki da ido, yanzu ana so ya zauna ranar Litinin ya rubuta wa kowane yaronsa abin da zai kawo da ranar da zai kawo shi, ya kuma karanta abin in an kawo. Wannan ya fi zagaya ofis da rajista wahala nesa ba kusa ba. A ba kowane mai shiga gwajin kwamfuta da kuɗin data a cikin albashi, a zauna da ƙungiyar ƙwadago tun daga farko, a kuma rubuta ƙarara cewa wanda aikinsa ya ja baya zai koma ofis kwana biyar. Bayan wata shida a buga sakamakon inda kowa zai gani, har da adadin kwanakin da mai neman haƙƙinsa ya jira.

Ina fatan za ku sa wannan batu cikin abubuwan da za ku tattauna kafin a kammala kasafin kuɗin shekara mai zuwa, domin kwamfuta da sola da horar da daraktoci duk sai an ware musu kuɗi. Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin gwamnati, daga Kaduna